Shekarar da Fari Ya Ƙare a Gidanmu

A gidanmu na Agadas, kafin Inna ta haifi autarmu, ba wanda ya taɓa tambayar wa ke wanki. Kaya su yi datti, a jefa su a lungu, su dawo a ninke suna ƙamshin rana. Baba, ina jin, ya ɗauka haka tufafi suke yi da kansu. Yayana, wanda shi ne ɗan fari, bai ma kai ga yin tunanin ba. Ni kaɗai na san yadda abin yake, don ni ke miƙa wa Inna sabulu, ni ke zuba mata ruwa, kuma ina ganin yadda take dafa ƙugu kafin ta miƙe daga gaban daro.

Bayan haihuwar nan sai bayan Inna ya ƙi. Girki tana yi a zaune, amma sunkuyo na wanki ya gagare ta. Shekarun farko ne na mulkin kai, lokacin da aka fara matsa wa iyaye su kai 'ya'ya mata lakwal, wato makarantar boko, ni kuma ina cikin waɗanda aka kai. Saura mini shekara guda in zauna jarrabawar sartifika. Ina son lakwal so mai tsanani, har da bulalar mushe, malaminmu, domin can ne kaɗai ake tambayata abin da na sani maimakon abin da na wanke.

Gwaggo, yayar Baba, tana zaune a unguwar Dagmanet, amma kunnenta a gidanmu yake kwana. Da ta ji labarin bayan Inna sai ga ta da sandarta, ta zauna a tabarma, ta kawo magani a baki ɗaya.

"Mi kuke wahal da kanku? Ga ɗiya ta kai aiki. Ku hidda ta lakwal ta kama daro. Takardar nasara ba ta wanke wando."

Na buɗe baki, Inna ta mintsine ni a cinya. Tun ina ƙarama bakina ya fi ƙafata sauri, kuma cinyata ce ta sha biyan kuɗin.

Baba baduku ne, yana yin sirdin raƙumi da takalma da jakunkuna, mutum ne da ba ya son hayaniya a gida. Ya ja gemu, sannan ya yanke hukunci. Manyan yara uku ne a gidan: Yaya, da ni, da ƙanwata mai bi mini. A raba mana wankin. In dai kaya na fita da tsabta kuma kunnensa bai ji rigima ba, zan ci gaba da lakwal. In rabon ya watse, maganar Gwaggo ta tabbata.

Yaya, da yake taya Baba aiki a rumfa, gashin baki ya fara yi masa tsiro, ya dubi Baba kamar an ce masa ya ɗaura zane.

"Baba, ni? Wanki?"

"Hannun da ke jiƙa hwata shi iya jiƙa riga," in ji Baba, ya tashi ya fita.

Da farko da kwana aka raba. Alhamis tawa, tunda ba lakwal ran nan. Lahadi ta Yaya. Ƙanwata kuwa ita ke tara kayan datti, ita ke shanya, ita ke kwashewa. A baki rabon ya yi daidai, amma ba a je ko'ina ba na lura da wani abin mamaki: ran Asabar da yamma datti yakan ɓace daga gidanmu. Lahadi ta waye, Yaya ya wanke hula biyu da ɗan kallabi, ya kaɗe hannu ya fita. Ran Laraba kuma sai kaya su fara tsirowa. Na ciro wandon Baba daga cikin jakar sirdi. Na ciro taguwar Yaya daga ƙarƙashin harawar awaki, akuya ta riga ta ɗanɗana hannunta. Har bargo na taɓa samu a cikin randar da ta tsage, wadda muka daina zuba wa ruwa.

Ni ma ba baya ba ce. Na fara tara masa tsummokaran jaririya a cikin tsohuwar ƙwarya, in rufe da faifai, sai Lahadi da safe in ajiye masa a bakin ɗaki. Ƙanwata ta ga kasuwa ta buɗe, ta koma sayar da labari. Dabino uku ta gaya mini inda ya ɓoye, dabino huɗu ta gaya masa inda na ɓoye. A watan nan kumatunta suka ciko, gidan kuma ya fara wani wari da har ɗan ga-ruwa mai kawo mana ruwa yakan juye garwarsa da sauri ya fice.

Dole Inna ta sa baki, kuma nan ne wata wahalar take. Yaya ɗan fari ne, Inna ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa faɗa ido da ido. Yana zaune a gabanta, sai ta dubi bango ta ce da ni:

"A gaya wa wancan, gida ba juji ba ne."

Ni kuwa in juya in ce, "Inna ta ce kai ƙazami ne, kuma rago, kuma akuya ta fi ka hankali."

Shi ma sai ya dubi bangon. "A gaya wa Inna na ji."

"Inna, ya ce ba ruwanshi."

Haka na riƙe aikin tafinta a tsakaninsu, ina ƙara gishiri ta kowane ɓangare, har ranar da Inna ta ce in dai na ƙara kalma ɗaya a saƙonta za ta aiki ƙanwata maimakona. Ƙanwata kuwa sai an biya ta.

Sabon rabo da Inna ta kawo na launi ne. Duk abin da yake fari na Yaya, tunda yawancin fari kayan maza ne, ba zai ji kunyar taɓa su ba. Duk mai launi nawa. Kowa ya wanke nasa ranar da ya ga dama, ɓoyo ba zai amfani kowa ba, don riga ko ta shekara a cikin harawa launinta ba zai sake ba.

Nan Inna ta yi kuskure, Allah ya jiƙanta. Ta manta da taguwar aikin Baba. Taguwar nan fara ce tun zamanin kumandan nasara, amma jima da mai da jan rini sun ci ta har ta koma kalar sirdi. Yaya ya ɗaga ta da yatsa biyu ya kawo gaban Inna.

"A tambayi Inna, ina hwari a jikin wagga?"

Na ce fara aka saye ta, fara za ta mutu. Ya ce to ni ma jaririya aka haife ni, in koma goyo. Sai da muka juya taguwar muka sami wani wuri a ƙarƙashin hammata inda farin bai gama mutuwa ba, Inna ta ba shi ita. Sai ga zanen saƙi mai ratsin fari da baƙi. Wannan da yatsa muka auna ratsin, muka tarar baƙi ya fi faɗi da kaɗan, ya faɗo kaina.

Wanda ya fi ba mu wuya shi ne zanen da aka raba wa mata lokacin wani taro, mai hoton shugaban ƙasa a tsakiya. Ƙasan zanen fari, kewayen hoton kore da ruwan lemo. Na ce fari ya fi yawa. Inna ta ce da bango, tunda hoton namiji ne, wancan ya wanke ɗan'uwansa namiji. Yaya ya shimfiɗa zanen a ƙasa, ya yi ta kallonsa.

"In na zo matsa, wuyanshi zan murɗe," ya ce. "In jandarma sunka ji, wa za a tahi da shi, ni ko Inna?"

Maganar ta kai ga Baba da yamma. Ya yi tunani mai tsawo, fiye da wanda ya yi a kan lakwal ɗina, ya ce zanen nan a riƙa shanya shi kawai ya sha iska. Har ya tsufa bai ga ruwa ba.

Duk wannan rigimar a ƙasa-ƙasa muke yinta, don kada ta kai kunnen Baba da sunan rigima. Yaya ya san haka, shi ya sa yake tsokanata da murmushi. Yana da wata magana da yake jefa mini kullum: "Ki yi ta murna. Da an naɗa mini rawani, shi ke nan." A garinmu saurayi in ya kai, mahaifinsa yakan saya masa rawani, malami ya naɗa masa, a yi addu'a, a ci abinci. Daga ranar ya shiga sahun maza, ba mai aikensa sayen gishiri, balle a gan shi gaban daro. Na san haka. Duk lokacin da ya faɗa sai in tuna ranar da ya bar daro ni ma na bar lakwal, amma in ce masa da wannan kan nasa mai kama da tulu sai an haɗa rawani biyu.

Yadda yake wankinsa kuwa ba wanda ya sani. Yakan ja daro ya kai bayan garken awaki, inda katanga ta yi kwana, ya kafa doka kada kowa ya leƙo. Tsoronsa kada abokansa su hau soron maƙwabta su hango shi. Kafin ka ce me ya gama, kuma, in faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi, farinsa yana fita. Har Baba ya taɓa shafa hannun rigarsa ya ce ashe yaron nan yana da hannu. Na ba ƙanwata dabino ta gano mini sirrin, ta karɓa, ta dawo ta ce ya riga ya ba ta fiye da haka.

Sau ɗaya a shekara Baba yakan hau kamyo, babbar motar kaya, ya tafi Kano sayen rini da zare da allurai. A shekarar nan ya dawo ana saura kaɗan Sallah, da zafi, ya kawo wa Inna turare, ni da ƙanwata 'yan kunne, jaririya kuma hula. Yaya bai sami komai ba. Ya yi ta zagaya kayan yana taya kwancewa, har buhu na ƙarshe, sannan ya fita yana kumbure-kumbure. Baba ya tuɓe babbar rigarsa fara ta tafiya ya rataye a ƙusa, bai ce wa kowa komai ba. Da safe ƙanwata ta ga riga ta sha hanya, ta sauke ta, ta jefa a tarin fari, yadda aka ɗora mata.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, a cikin babban aljihun rigar akwai rawanin turkuɗi, wanda mu muke ce wa alasho, a ninke cikin takardarsa. Wanda bai san alasho ba, baƙi ne mai sheƙi, an buga masa shuni har yana walƙiya kamar bayan ƙwaro. Ba a wanke shi. Shunin da yake bari a goshin mutum shi ne adonsa, ruwa kuwa shi ne ajalinsa. Ko hadari ya taso, mai alasho ya fi mai gishiri gudu.

Na dawo daga lakwal da rana tsaka, tun daga zaure na ji gidan shiru, irin shirun da ba na lafiya ba. Na shiga na tarar da Gwaggo a tabarma, fuskarta tana haske kamar an yi mata albishir. Inna tana zaune da jaririya, ta kafa wa bango ido. Ƙanwata ta tura bakin zanenta a baki, hawaye na zubo mata. Na ɗaga kai na dubi igiya da katanga.

Komai ya koma shuɗi. Kuma ba shuɗi mai kyau na marina ba, wani dabbare-dabbare ne, nan duhu, nan haske. Rigunan Baba na Juma'a, wandunansa, mayafin sallar Inna, farar rigata ta lakwal da ban sa ba ran nan, har taguwar aikin nan da muka yi shari'a a kanta, duk sun zama 'yan gida ɗaya. A gefe kuma ga wani dogon tsumma a yashe a kan turmi, ya yi laushi, ya dushe, ba sheƙi ko kaɗan.

Yaya yana tsaye a inuwa, hannayensa shuɗi har gwiwar hannu. Wannan ba abin mamaki ba ne. Abin mamaki shi ne ƙafafunsa: cikin wannan zafi da ƙadangare ma ke neman rami, ya sa huffi, safar fatar nan da malamai ke sawa da sanyi. Na lura, amma ban sami lokacin tambaya ba, don yana ganina ya gyara murya.

"Yauwa, ga ta nan. A tambayi Inna, mi anka ce? Hwari nawa, mai launi nata. To a duba gidan ga kaf, in an ga hwari a kawo mini."

Na dube shi, na dubi igiya. Sai da na ɗan jima kafin maganar ta shige ni. Wato ya rina gida, kuma yanzu wankin gidan gaba ɗaya ya zama nawa bisa doka.

Ban san lokacin da na yar da kayena, littattafan rubutuna na lakwal, ba. Na gaya masa abin da ke raina tun daga kansa mai kama da tulu har zuwa gashin bakinsa guda bakwai da yake shafawa kamar gonar gado. Na ce da gangan ya yi. Na ce Allah ya isa. Cinyata ta yi nisa da hannun Inna, ba mai tsayar da ni. Ina cikin yi na ji Gwaggo ta ce a hankali, "Ci gaba, ɗiyata, ubanki na zaure." Na juya, ga Baba a bakin ƙofa, ya dawo daga rumfa don sallar azahar.

Baba ya shigo tsakar gida. Ya bi igiya da kallo daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya tsaya a kan rigarsa ta Juma'a, ya wuce. Ya ɗauki buta ya tsuguna, ya ce wa Yaya shi ma ya yi alwala su tafi masallaci. Yaya ya wanke hannu, ya wanke fuska, ya zo kan ƙafa sai ya jiƙa tafinsa ya shafa a kan huffi.

Baba ya tsaya da butarsa a hannu.

"Yaushe ka zama malami?"

"Ai ya halatta, Baba."

"Ya halatta. Hidda su in gani."

Ya cire na dama, ya cire na hagu. Ƙafafun nan shuɗi ne tun daga yatsu har tsakiyar ƙwauri, inda ruwan daro ya tsaya, an ja layi kamar da ma'auni. Sirrin da dabinona ya kasa saye ya fito fili: ashe da ƙafa yake wanki. Yakan zuba kaya da sabulu a daro, ya naɗe wando ya shiga, ya yi ta tattakawa yana leƙen soron maƙwabta. Ran nan ma idonsa na sama, bai dubi ƙasa ba sai da ya gama taka alasho son ransa.

"Wato rigar da nike shiga masallaci da ita," in ji Baba, "da mayahin sallar uwarka."

Ƙanwata ce ta fara fashewa. Inna ta ja kallabi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Baba ma ya juya ya fuskanci katanga, ya daɗe yana gyaran murya. Ni kaɗai ban yi dariya ba, don na san abin da ke tafe.

Da suka dawo daga masallaci Baba ya ɗauki dogon tsumman nan daga kan turmi, ya warware shi, ya riƙe a hannu biyu.

"Ka san ko mi ne wanga?"

"Alasho ne, Baba."

"Naka ne. Bayan Sallah za a naɗa maka tare da sa'o'inka. Na so in ba ka da hannuna."

Ban taɓa ganin fuska ta faɗi irin ta Yaya ba. Ya miƙa hannu ya taɓa bakin rawanin, ya janye. Duk haushin da nake ji sai da na tausaya masa. Amma a lokaci guda na gane wani abu: ashe ko bai rina komai ba, kwanakina a lakwal ƙidayayyu ne. Baba ya sayi rawani bai tambayi kansa wa zai ɗauki farin ba. Maza haka suke, sai su yanke abu biyu da ba sa zama a tukunya ɗaya, su bar mata da juyi.

Gwaggo ta buga sandarta a ƙasa.

"To, an gani. Namiji da daro, ga abin da shi ka haihwa. Rawani ba wuya, a aro na ƙaninka, sabo ne, sau ɗaya ya naɗa. A naɗa wa yaro shi huta da wulaƙanci. Ɗiya kuwa ta zamna gida, daman bakinta ya hi ƙarhin lakwal."

Baba ya dubi igiya, ya dubi Inna da ke dafe da ƙugu ko a zaune. Ni bai dube ni ba. Ya ce, "To."

Wato ya yarda da maganar Gwaggo. Na tsuguna na fara tsince kayena daga ƙasa, ina kaɗe musu rairayi, ina tunanin ko mushe zai yarda in mayar masa da littafin karatu ko sai Baba ya je da kansa. Ban yi kuka ba, don ba zan yi a gaban Gwaggo ba.

"Ni ba ni naɗa rawanin aro."

Yaya ne. Yana zaune a bakin turmi, ya haɗe shuɗɗan ƙafafunsa, idonsa a ƙasa.

"Mi ka ce?" in ji Gwaggo.

"Ba ni naɗa na Baffa. Kowa a unguwar ga ya san shi. A ce ga wane can da kan aro? A bari sai Baba ya koma Kano."

"Sai baɗi ke nan," Baba ya ce. "Sa'o'inka duka da rawani, kai kanka a buɗe kamar yaron aike. Ka san abin da kake faɗi?"

"Na sani."

"Kuma wanda ba a naɗa wa ba, a gidan ga, yaro ne. Daro na nan na jiranshi."

"Na sani, Baba."

Gwaggo ta ce girman kai ne, irin na dangin uwarsa. Ni ma a raina haka na ce, don na san Yaya da son a gan shi. Baba kuwa ya daɗe yana kallonsa, irin kallon da yake yi wa fata in yana son ya san ko za ta yi sirdi. Sannan ya ninke mataccen rawanin ya sa a hammata.

"Da hannu," ya ce. "In na sake jin ƙahwa ta shiga daro, kai da akuya za ku haɗa ɗaki."

Da Gwaggo ta tafi, tana faɗa har zaure, Inna ta dubi bango ta ce, "A gaya wa wancan, Allah shi yi mishi albarka." Na tsaya ina jiran sauran saƙon, ban ji ba. Na faɗa masa yadda ta faɗa. Ya ce in matsa daga gabansa ina tare masa iska.

Shekarar nan a shuɗi muka yi ta. Ba halin sake tufafin gida guda, don haka Baba ya je Juma'a da dabbare-dabbarensa, mutane suna tambayarsa ko sabon yayi ne daga Kano. Mushe ya dubi rigata ya tambaya ko na faɗa rijiyar marina. 'Yan unguwa suka sa mana suna gidan shuni. Dokar launi ta mutu ba wanda ya yi mata salla, aka koma cewa abin da aka haifa fari na Yaya ne, ko ya zama me. Ƙafafunsa kuwa sun ɗauki makonni kafin su koma nasa, kuma labarin ya riga su fita, domin ƙanwata ta sayar da shi a unguwa a kan farashi mai sauƙi.

Ranar da aka naɗa wa sa'o'insa, tun da hantsi ake jin guɗa daga gidaje. Na dawo daga lakwal na tarar ya fito da daro tsakar gida, ba bayan garke ba, ya naɗe hannun riga yana cuɗa wandon Baba. Ban kai ga ajiye kayena ba sai ga su sun shigo gaida Baba, samari huɗu ko biyar, kowa da alashonsa yana walƙiya, sun rufe baki sai idanu, suna tafiya a hankali kada rawani ya zame. Jiya-jiya tare da Yaya suke kokawa a rairayin ƙoramar Telwa. Ɗaya daga cikinsu ya tsaya a kan Yaya, ya sauke murya irin ta manya.

"Sannu da aiki, yaro. In ka gama akwai nawa a gida."

Suka yi dariya a cikin rawunansu. Yaya ma ya yi, ya ce ya kawo, amma ya sani shi da ƙafa yake yi. Suka ƙara dariya, suka gaida Baba, suka fita, ƙamshin turarensu ya daɗe a tsakar gida.

Bayan sun tafi ya ci gaba da cuɗa wuri ɗaya a jikin wandon, wurin da ya riga ya fita tun tuni. Ba ya kallon kowa. Rana tana dukan tsakiyar kansa. Na ajiye kayena a kan tabarma, na tsuguna, na kama ɗaya bakin wandon don in taya shi matsa. Ya fizge.

"Wa ya sa ki?"

"Ba kowa."

"Tashi ki tahi ki yi karatunki," ya ce, bai ɗago ba. "In kin hwaɗi sartifikar nan, shekara guda na zamna da kai buɗe a banza."

Na saki wandon. Na shiga ɗaki na buɗe littafi a cinyata, amma na daɗe ƙwarai kafin in iya ganin rubutun.